Me ake nufi da "tubalan rai"?

Tun da NASA ta fitar da sakamakon binciken ƙurar dutsen sararin samaniya mai suna Bennu a Janairun 2025, "tubalan rai" ta shiga bakin kowa, daga rediyo har Facebook. Ƙurar giram 121.6 ce, kumbon OSIRIS-REx ya sauko da ita hamadar Utah a Satumban 2023. An tarar a cikinta da 14 daga amino asid 20 ɗin da jiki ke haɗa furotin da su, da duka sinadarai biyar da ke zama haruffan DNA da RNA, wato igiyoyin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin halitta. Nan take wasu masu karanta labarai suka ce an gano rai a sama. Ba a gano ba. Tubali aka gano, kuma duk magini ya san tara tubali ba shi ne aiki ba, aikin yana wajen kwaɓa da ɗora ɗaya kan ɗaya.

Samun tubalin ma tsohon labari ne. Tun 1953 Stanley Miller ya samu amino asid irin su gilaisin da alanin a Chicago ta hanyar tartsatsa wutar lantarki cikin gas na metan da amoniya da haidurojin da tururin ruwa.

Matsalar ita ce ruwa. Duk lokacin da amino asid biyu suka haɗu suka zama sarƙa, ko nukiliyotayid biyu, wato tubalan RNA, suka haɗu, sai ƙwayar ruwa ɗaya ta fita. A cikin tafki kuwa abin baya yake komawa, ruwan ya riƙa kwance abin da aka ɗaura. Sidney Fox a ƙarshen shekarun 1950 ya bi ta zafi: ya gasa busassun amino asid a zafin da ya haura digiri 150 na ma'aunin Salshiyas, tare da yawan asfatik da gulutamik asid. Sarƙa ta samu, amma a hargitse, kuma RNA ba za ta rayu a irin wannan wuta ba.

Hanyar da ta fi ma'ana ta fito daga Georgia Tech a 2015. Ana gauraya amino asid da laktik asid, wato sinadarin da ke sa nono tsami, a busar da su a zafin da bai kai tafasar ruwa ba. Laktik asid ya fara ɗaurewa da nau'in ɗauri mai sauƙin samuwa kuma mai sauƙin tsinkewa, sai amino asid ya kutsa ya maye gurbinsa da ɗaurin furotin mai ƙarfi. A zuba ruwa, raunanan ɗaurin su tsinke, masu ƙarfin su tsaya. A sake busarwa. Kowane zagaye na jiƙa da bushewa yana ƙara amino asid a sarƙar. Abin da ke fitowa ba furotin ba ne, barbarar yanyawa ce, gajeriya, kuma ita ce ta fi kama da abin da duniyar farko za ta iya samarwa.

Ina ruwan RNA da wannan? Ƙashin bayan RNA fosfet ne, kowanne ɗauke da cajin negatib, don haka igiyoyi biyu suna ture juna. Magneziyam ne ke sasanta su har RNA ta naɗe ko ta kwafi kanta, amma shi ɗin dai yake taimaka wa ɓangaren OH na sukarin raibos ya yanke igiyar. Maganin da cutar abu guda ne. A nan sarƙoƙi masu laisin ko arjinin, amino asid masu cajin fozitib, suke shigowa: suna manne wa fosfet ɗin. Binciken 2020 na masanan Georgia Tech ɗin ya nuna cewa RNA mai igiya biyu ta fi jure zafi idan tana tare da waɗannan sarƙoƙi, su ma sarƙoƙin raunanan ɗaurinsu sun fi daɗewa kafin ruwa ya tsinke su. Kowa na kare ɗan'uwansa. Shi ya sa nake ganin gardamar "wa ya riga wa" tsakanin RNA da furotin ɓata lokaci ce, ko da yake sunan "duniyar RNA" da Walter Gilbert ya raɗa a 1986 ya sa mutane suna zaton RNA ita kaɗai ta yi zamaninta.

Sai dai akwai tarko. Idan sarƙar mai cajin fozitib ta yi yawa ko ta yi tsawo, RNA kan dunƙule ta fita daga cikin ruwan, ma'aunin ya nuna abin da ba shi ne ke faruwa ba. Ɗakin binciken Jack Szostak, wanda ya ci kyautar Nobel a 2009, ya wallafa a 2016 cewa sarƙar arjinin tana taimaka wa RNA kwafar kanta ba tare da enzayim, wato furotin da ke hanzarta aikin sinadarai, ba. A 2017 suka janye takardar da kansu, bayan wata mai bincike a ɗakin ta kasa maimaita sakamakon. Ga kuma wata: laisin da arjinin ba sa cikin amino asid ɗin da gwajin Miller ke bayarwa da yawa, gilaisin da alanin ne ke cika kwalbar, su kuwa ba su da cajin da zai kama RNA.