Gilashi mai launi

Gilashi mai launi sana'a ce ta yanka gilashi kala-kala a harhaɗa shi ya zama hoto ko zayyana, a kafa shi a taga don hasken rana ya ratsa ta cikinsa. Ba shi ne gilashi mai duhu da masu aikin alminiyam ke sa wa gidaje a Gusau ko Birnin Kebbi ba, ba kuma sitikar da ake liƙa wa gilashi ba ce, wadda rana ke ƙonawa ta ɓare. A nan launin yana cikin jikin gilashin tun daga wuta.

Ana narka yashi da toka da farar ƙasa, sannan a zuba garin ƙarfe, kowanne da launinsa. Kobalt ke ba da shuɗi, tagulla ta ba da kore ko ja, zinariya kuma ja mai haske. Jan tagulla kan yi duhu har haske ya kasa wucewa, shi ya sa ake shafa shi siriri a kan farin gilashi. A farkon ƙarni na 14 aka gano cewa azurfa, in an shafa ta aka gasa, tana rina gilashi ruwan ɗorawa.

Mai aikin kan fara zana hoton da girmansa na gaskiya, ya ɗora gilashi a kai, ya ja layi da abin yanka, ya ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, sai ya tsage daidai layin. Fuska da ninkin tufafi kuwa, da baƙin fenti ake zana su, a gasa. Abin da ya rage shi ne riƙe guntayen, kuma a nan hanya ta rabu biyu. Turawa suna amfani da sandunan dalma masu kwari a gefe biyu, a cusa bakin gilashi, a liƙe mahaɗa da kuza. A Alƙahira da birnin Sana'a na Yemen kuwa, farin garin da muke yin silin POP da irinsa ake sassaƙawa, a dasa guntayen a ramukan. Sunan irin wannan taga ƙamariyya, daga kalmar Larabci ƙamar, wato wata. Ga wanda ya saba da zayyanar dagi a bangon soro, wannan ta fi kusa da idonsa.

Tagogin annabawa na majami'ar Augsburg a Jamus suna cikin mafi tsufa da ke wurinsu na asali, kusan shekara 900. Na majami'ar Chartres a Faransa yawancinsu na farkon ƙarni na 13 ne, sai majami'ar Sainte-Chapelle ta Paris da aka buɗe a 1248. Masallacin Nasir al-Mulk na Shiraz a Iran, wanda aka gama a 1888, ya yi suna saboda yadda hasken safe ke ratsa gilasansa masu launi ya zuba kan dardumarsa. A Najeriya, mai zane Yusuf Grillo ya yi wa majami'un Legas irin waɗannan tagogi, su kuma Masaga na Bida sun daɗe suna narka gilashi, amma munduwa da duwatsun wuya suke yi.

Dalma guba ce, kuma mutanen Zamfara ba sa bukatar a faɗa musu. A 2010 ƙurar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Shi ya sa mai wannan sana'a ba ya cin abinci a wurin aiki, ba ya shiga cikin gida da kayan aikinsa, kuma ba ya barin yara su matso inda yake liƙi.