Waiwaye: yadda batirin litiyam ya shiga ƙananan jiragen sama na haɗin hannu

Duk wanda ya taɓa ciro batirin mota ya rungumo shi zuwa shagon mai caji ya san nauyin dalma. A mota wannan nauyi bai dami kowa ba, amma a ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu kowane kilo da lissafinsa, domin abin da batir ya ci na nauyi an rage shi ne daga mai ko daga kaya. Tun da Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a Faransa a 1859, shi ne ya yi ta tayar da injina har cikin jirage, kuma masu haɗa jirgi da hannunsu sun daɗe suna haƙuri da shi saboda babu wani.

Haɗa jirgi a gida tsohuwar al'ada ce a Amurka, inda aka kafa EAA, ƙungiyar masu haɗa jirage da hannu, a 1953, kuma dokar ƙasar ta yarda mutum ya tashi da jirginsa muddin shi ya yi fiye da rabin aikin haɗawar. Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Jirgin horo na Air Beetle, wanda aka haɗa guda 60 a Kaduna cikin shekarun 1990 domin sojojin saman Najeriya, asalinsa samfurin RV-6A ne na kamfanin Van's, irin wanda ake sayen sassansa a haɗa a gareji. A 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya ja hankalin duniya da helikwaftan da ya haɗa da injin mota.

Shi kuwa litiyam, tarihinsa ya faro ne daga binciken Stanley Whittingham a shekarun 1970, sai John Goodenough ya zo da sinadarin litiyam da kobal a 1980, Akira Yoshino ya kammala fasalinsa a 1985, sannan Sony ta kai shi kasuwa a 1991. Su ukun sun raba kyautar Nobel a 2019. Sai dai wannan nau'i mai kobal, wanda ke cikin wayoyinmu da kwamfutocinmu, yana da mugun hali: idan ya yi zafi fiye da kima yakan saki iskar oksijin daga jikinsa, ya riƙa ciyar da wutar da ta kama shi, ƙwaya ɗaya daga ƙananan ƙwayoyin da ke cikin batirin ta kunna ta kusa da ita.

Harkar jiragen sama ta ga wannan hali da idonta a Janairun 2013. Batir ya kama wuta a cikin Boeing 787 na Japan Airlines yana ajiye a Boston, bayan kwana tara wani jirgin irinsa na kamfanin ANA ya yi saukar gaggawa a Takamatsu ta Japan saboda matsalar batir, aka dakatar da samfurin gaba ɗaya har zuwa watan Afrilu, lokacin da jirgin Habasha ya fara komawa aiki. Abin lura shi ne maganin da Boeing ta yi: ba ta sauya sinadarin ba, sai ta rufe batirin a akwatin ƙarfe mai bututun da ke fitar da hayaƙi waje. A ganina darasin da ya fi shafar mai ƙaramin jirgi ke nan, wato yadda aka girka batir ya kai zaɓensa muhimmanci.

Abin da ya buɗe wa masu haɗin hannu ƙofa wani nau'i ne dabam, na litiyam da ƙarfe da fosfet, wanda ya fito daga ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas a tsakiyar shekarun 1990. Yana riƙe oksijin ɗinsa da ƙarfi, yana jure zafi fiye da mai kobal, kuma ƙwaya huɗu masu bolt 3.2 kowace suna ba da bolt 12.8, daidai da tsarin wutar ƙaramin jirgi. Batirin dalma na Odyssey PC680 da aka saba sakawa yana kai kilo 7, takwaransa na litiyam na kamfanin EarthX kuwa bai cika kilo 2 ba. Wannan mai fosfet ne dai nau'in da ake samu a gidajen masu sola a Bauchi, don haka ba baƙo ba ne ga masu aikin lantarki a nan.

Amma ba a cire na dalma a dasa wannan a tafi. Yana zuƙar caji da ƙarfi bayan an tayar da inji, saboda haka dole girmansa ya dace da altanetar da ke jikin jirgin, wato na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki. A cikinsa akwai na'urar BMS mai daidaita ƙwayoyin, wadda ke yanke batirin idan wuta ta yi yawa ko ta yi ƙasa. Idan regileta mai daidaita wutar altaneta ta lalace a sama, wuta ta haura, na'urar ta yanke, to altaneta ta rasa abin da ke danne ta, kuma rediyo da sauran na'urori ne za su sha. Shi ya sa ake saka wata kariya ta dabam mai kashe altanetar da kanta. Wani abin da ke yaudarar matuƙi kuma shi ne, wutar wannan batir takan tsaya kusan bolt 13 har sai ya kusa ƙarewa, sannan ta faɗi farat ɗaya, ba kamar na dalma mai yin sanyi a hankali ba. Ga jirgin da tartsatsin injinsa da famfon mansa suka dogara da lantarki, wajibi ne a san minti nawa batir zai riƙe su idan altaneta ta mutu, a kuma gwada hakan a ƙasa.

Rage kilo 5 daga hanci ko wutsiya yana gusar da tsakiyar nauyin jirgi, don haka sai an sake aunawa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda na gani a wani shagon mai rewaya a cikin garin Bauchi, inda wani saurayi mai basira ya baje ƙwayoyin tsofaffin batiran kwamfuta a kan benci, yana gwada su da mita, yana jona su da dalma da ƙarfen zafi, yana naɗe su da salatif. Na tambaye shi ko ya san sinadarin da ke cikinsu, ya ce: "Ranka ya daɗe, ai duk litiyam ne." Ba duk ɗaya ba ne, kuma irin waɗannan ƙwayoyi, da ba a san shekarunsu ko wahalar da suka sha ba, ba su da wuri a cikin abin da zai ɗauki rai sama. A watannin Maris da Afrilu zafin Bauchi da Gombe yakan kai digiri 40 a inuwa, alhali yawancin waɗannan batura iyakar jurewarsu wajen digiri 60 ne, kuma gefen injin da aka kashe a tsakar rana yana iya wuce haka. Wanda zai ajiye batir a ɗakin inji sai ya yi masa garkuwar zafi da hanyar shigar iska, wanda kuma zai shigo da shi inda matuƙi ke zaune sai ya nemi mai bututun fitar da hayaƙi, sannan ya rubuta duk abin da ya yi a takardun da zai gabatar wa NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kafin jirgin ya bar ƙasa.