American Chopper: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tun ranar da na kuskura na ce na kalli shirin nan daga farkonsa, na zama wurin sauke tambaya. Kowa ya ga guntun bidiyon tsohon nan mai gashin baki yana daka wa ɗansa tsawa sai ya nufo ni. To ga amsoshin nan a wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya bayan wannan, nan zan turo shi.

Wai mene ne shirin?

Shirin talabijin ne na Amurka a kan wani gareji mai suna Orange County Choppers, inda uba da 'ya'yansa ke ƙera babura na musamman, kowane da irin siffarsa. Tashar Discovery ce ta fara nuna shi a jere a 2003. Uban shi ne Paul Teutul babba, ɗan kuma Paul ƙarami. Suna ɗaya suke da shi, halin ma kusan ɗaya, nan matsalar take.

A California suke ko?

A'a. A jihar New York garejin yake lokacin shirin. Ita ma tana da yankin da ake kira Orange County. Na faɗi wannan ya fi a ƙirga.

Faɗan nan da suke yi na gaske ne ko shiri ne?

Wannan ce tambayar da kowa ke yi yana murmushi, wai shi mai wayo ya gano dabarar masu talabijin. Malam, ba kai kaɗai ke da ido ba. Kowa ya san masu kyamara suna yanke abin da ba zai ja hankali ba, su bar inda ake ihu. Mako guda na walda da guga da jiran kaya ba ya cika allo, tsawar minti biyu kuwa tana cikawa.

Amma a 2008 uban ya kori ɗan daga aiki, bayan doguwar rigima a kan makara da lokacin zuwa aiki. Daga wannan faɗan ne aka ciro hotunan da suka cika intanet a 2018, waɗanda ɗan ke jifa da kujera. Daga nan magana ta tafi kotu. Ɗan yana da kashi 20 cikin ɗari na kamfanin, uban ya nemi a tilasta masa ya sayar masa. A ƙarshen 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ba za a tilasta shi ba, domin takardar da suka sa wa hannu ba ta tsayar da yadda za a yanke farashi ba. A shekarar ce ɗan ya yi aure, uban bai je ba. Kai a ganinka akwai kuɗin talabijin da zai sa uba ya ƙi halartar auren ɗansa don wasa?

Wa ya fi gaskiya a cikinsu?

Ba ni aka naɗa alƙali ba. Uban ne ya kafa wurin, da kuɗin da ya tara a sana'ar ƙarfe tun kafin a san su. Ɗan ne ke da idon zane, kuma baburan da suka ɗaga sunan garejin yawanci daga kansa suka fito. Uba yana ganin yaro ne da aka ba aiki, ɗa yana ganin abokin tarayya ne. Duk wanda ya taɓa zama a shagon babansa bayan ya yi gemu ya san wannan ciwon, ba sai an fassara masa ba.

Abin da ba na so shi ne yaran da ke kallo suna tafi idan ɗan ya mayar wa uban magana. Ku ji ni da kyau: wannan gidan wasu ne, a ƙasar wasu. Kada wani ya je ya gwada ɗaga wa mahaifinsa murya ya ce a talabijin ya gani.

Mikey fa, me yake yi a wurin?

Ƙanin Paul ƙarami ne. Aikinsa ɗaga waya, zubar da shara, ba mutane dariya. Da rigima ta yi tsanani shi ya fi kowa shan wuya, yana tsakanin uba da wa. Ku daina raina shi.

Me ya sa ake ce wa babur ɗin chopper? Jirgi mai saukar ungulu ne?

Ba jirgi ba ne, ko da yake shi ma ana kiransa haka da Turanci. Daga kalmar sara ko yankewa ta Turanci sunan ya fito, domin asali babur ake ɗauka a yanke duk abin da ba dole ba, a sare firam a sake masa tsayi.

Ina da babur ɗina na hawa, kuma ina da mai walda da na yarda da shi. Zan iya mai da shi irin nasu?

To, a nan zan tsaya in yi bayani, don wannan ce kaɗai tambayar da ke iya kai mutum asibiti.

Amsar ita ce ya danganta da abin da kake nufi. In fenti ne, da sauya kujera, da canza hannu, da gyara siffar tanki, bismillah, babu laifi, muddin wayar birki da ta totur sun kai tsawon sabon hannun ba tare da sun ɗaure ba idan ka karya kan. Tankin ma a wanke shi sosai kafin wuta ta kusance shi, domin tururin fetur da ya rage a ciki ya isa ya fashe. Mai waldar kirki ya san wannan, amma ka tuna masa, ba za ka rasa komai ba.

In kuwa dogon gaban nan kake so, tayar gaba can nesa kamar tana gudun babur, nan ne zan ce ka dakata. Abin ba ƙara tsawon ƙarfe ba ne kawai. Kwanciyar wuyan babur da inda tayar gaba ke taɓa ƙasa suna da lissafi a tsakaninsu, shi ne ke sa babur ya miƙe da kansa idan kana gudu. Ka ɓata lissafin ta wannan gefe, kan ya yi nauyi, kwana ta gagare ka. Ka ɓata ta ɗaya gefen, kan ya kama rawa kana tsakiyar titi. Kuma duk tsawon da ka ƙara, ƙarin nauyi ne a kan wuyan firam, daidai inda aka yanke aka liƙa. Mai waldarka yana iya zama gwani a ƙofa da taga, ban musa ba, amma ƙofa ba ta faɗa wa rami da gudu da mutum a kanta.

Sannan ka dubi abin da kake hawa. Nasu manyan injuna ne masu silinda biyu, firam ɗin ma don su aka yi shi tun daga tushe. Ƙaramin babur mai silinda ɗaya, irin na zuwa kasuwa, an yi ƙarfensa daidai nauyinsa ne. Da yawa daga cikin baburan irin wannan salo ba su da shok a baya ko kaɗan, kuma cikinsu a ƙasa yake. A kan kwalta mai santsi ma baya na ciwo, balle hanyar unguwa da damina. Ga maganar takardu: in yankan ya taɓa lambar shasi, ka jawo wa kanka bayani a gaban jami'an hanya, kuma ranar sayarwa mai saye zai yi ta kallonka.

Ban ce ba zai yiwu ba. In kana da wanda ya san aikin firam na gaske, yana da abin da zai ɗaure ƙarfen ya tsaya daidai kafin ya liƙa, kuma babur ɗin na nishaɗi ne ba wanda za ka ɗauki iyali a kai ba, kana iya gwadawa kaɗan-kaɗan, ka fara da ƙaramin canji, ka jarraba a fili ba a titi ba. Amma in shi ne abin hawanka ɗaya tilo, ni dai da fenti zan tsaya. Kada ranka ya ɓaci. Ba raina ka na yi ba.

To su wa ke sayen nasu?

Kamfanoni, galibi. Talla ce: a ƙera babur da tambarin kamfani, a nuna a talabijin, a kai shi wurin baje koli a ajiye. Shi ya sa tambayar "yana da daɗin hawa?" ba ta dame su sosai ba. Akwai dai waɗanda ba na talla ba. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne jan babur ɗin da suka yi don tunawa da 'yan kwana-kwana 343 da suka mutu a New York ranar 11 ga Satumba 2001.

Da gaske cikin 'yan kwanaki suke gama babur?

Ka ga agogo a allo ka yarda? Injin sayo shi suke yi, fenti ma sau da yawa waje ake kaiwa. Kuma ba mutum biyu ke aikin ba. Akwai irin su Rick Petko da Vinnie DiMartino, waɗanda hannunsu ke kan ƙarfe lokacin da masu gida ke musayar yawu. Vinnie ya bar wurin a 2007 ya buɗe nasa.

Sun shirya daga baya?

Kwantar da hankalinka, sun koma magana. Ɗan ya buɗe nasa kamfanin, Paul Jr. Designs, aka yi ta nuna su suna gasa daga 2010 zuwa 2012. Shirin ya dawo a 2018 suna ƙoƙarin gyara tsakaninsu, a shekarar da uban ya shigar da takardar karayar arziki a kotu. Kamfani dai kowa da nasa. Daga baya uban ya kwashe ya koma Florida.

A ina zan samu in kalla kyauta?

Ba ni da shi a waya, kuma ba zan tura wa kowa ba.