Zanen ƙwayoyi a allo: tambayoyin da sababbin malaman kimiyya ke ta maimaita mini

Na daɗe ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare a nan Kaduna, kuma duk zangon da ɗaliban koyon aikin malanta suka zo, tambayoyin nan ne dai. Ga su wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tsayar da ni a ƙofar ofishin malamai.

Malam, me ake zanawa takamaimai?

Ƙananan da'irori cikin akwati, kowace da'ira a madadin ƙwaya ɗaya daga cikin mitsi-mitsin ƙwayoyin da ke haɗuwa su yi kowane abu. Sandararren abu: a jere, manne da juna. Mai ruwa-ruwa: manne, amma ba tsari. Iska: a warwatse, nesa da juna. Shi ke nan.

Ba sai na ba da tazara tsakanin ƙwayoyin ruwa ba?

A'a! Wannan kuskuren ya fi kowanne ɓata mini rai, don daga allo yake shiga littafin yara sittin a lokaci guda. Samo sirinji marar allura, cika shi da ruwa, toshe bakin da yatsa ka danna. Ba zai matsu ba. Zubar da ruwan ka gwada da iska, nan take zai matsu. In har akwai fili a ruwa kamar yadda kake zanawa, me ya hana shi matsuwa? Ka bar yara su danna da hannunsu.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje.

Kwantar da hankalinki, Malama. Marafan kwalbar lemo kala uku da tire sun ishe ki, yara ma za su tsinto miki. Jera su, girgiza su, watsa su. John Dalton kansa da da'irori ya nuna ƙwayoyin zarra a littafinsa na 1808.

Yaro ya ce ƙanƙara ta narke, sukari ma ya narke a shayi. Yaya zan zana bambancin?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna mata. Hausa kalma ɗaya take amfani da ita ga abu biyu, don haka kada a daki yaro a kan abin da harshensa ya koya masa. Narkewar ƙanƙara abu ɗaya ne ya sauya hali saboda zafi: da'irori kala ɗaya kafin da bayan, jerin ne kawai ya rushe. Narkewar sukari kuwa abu biyu ne suka gauraya: kala biyu, na sukari sun bazu a tsakanin na ruwa. Ni nakan ce "narkewar zafi" da "narkewa cikin ruwa", ban ce dole kowa ya bi ni ba, amma ka zaɓi lafazi ɗaya ka tsaya a kai.

Inda abin ke da sarƙaƙiya shi ne gishiri. A aji ɗaya ko biyu, ina ganin ba laifi ka zana shi da'ira guda kamar sukari. A babbar sakandare kuwa wannan zanen zai iya zame maka matsala, domin gishiri sodiyom ne da kulorin masu caji, kuma in ya shiga ruwa rabuwa suke yi, kowa ya kama gabansa. Sukari ba ya rabuwa haka. Saboda haka ya danganta da ajin da ke gabanka. In ka sauƙaƙa, faɗa musu ka sauƙaƙa. Ƙanƙarar ma ka yi hattara da ita: ƙwayoyinta sun ɗan fi na ruwa buɗewa, shi ya sa take yawo a saman zoɓo. Da man kaɗe ko kyandir za ka fara misali, ya fi lafiya.

Ƙwayoyin suna kumbura in sun ji zafi?

Ba sa kumbura. Gudu suke ƙarawa, tazara ta ƙaru. Girman da'irarka ya zama ɗaya a akwatunan uku.

Oksijin ƙwaya biyu ne a haɗe, ke nan haɗaɗɗen sinadari ne?

Dubi kala, ba adadi ba. Biyu masu kala ɗaya a manne: sinadari tilo ne, ɗaya daga cikin 118 da ke jadawalin sinadarai. Kala daban-daban a manne, kamar haidurojin biyu da oksijin ɗaya a ruwa: haɗaɗɗe. Kala daban-daban ba a manne ba: gauraye. Na faɗi wannan ya fi a ƙirga.

Wane misalin gauraye zan bayar?

Garin kwaki da sukari da gyaɗa. Iskar da muke shaƙa, kusan kashi 78 cikin 100 naiturojin, 21 oksijin. Ɗanyen mai kuma, wanda aka gina matatar Kaduna, aka buɗe ta a 1980, don a rarraba shi zuwa fetur, kananzir da man dizal. Yaran da ke zaune ta wajen Sabon Tasha sun san wurin.

Me ke cikin filin da ke tsakanin ƙwayoyin iska?

Ba komai. Yara za su ce iska ce. Ka tambaye su: to su ƙwayoyin da muka zana, na mene ne? Ka yi shiru, kada ka yi saurin ba su amsa.