Agogon hannu mai nauyi da hanyoyin sauƙaƙa ɗaura shi

Agogon hannu mai nauyi shi ne wanda mai shi ke jin zamansa a tsintsiyar hannu tun safe har dare, yawanci wanda kansa da sarƙarsa suka kai giram 150 ko suka wuce. Ɗan ƙaramin agogon roba na Casio F-91W, wanda ya fito a 1989, giram 21 ne kacal, amma agogon masu nutso na ƙarfe irin Rolex Submariner ya ninka shi kusan sau bakwai. A Zariya irin waɗannan manyan agogai kan shigo gida a matsayin tsarabar Makka, ko kyautar ango, ko cikin akwatin lefe, kuma da yawansu a durowa suke ƙarewa bayan mako biyu, ana fito da su ranar Juma'a da Sallah kawai. Galibin wannan wahala daga rashin daidaiton agogo da hannu take. Giram 150 da ya zauna cif a wuri ɗaya ya fi daɗin ɗauka a kan giram 90 da ke kai da komo.

Inda nauyin yake fitowa

Abu na farko shi ne irin ƙarfen. Ƙarfe marar tsatsa, wanda a kasuwa ake kiran agogonsa "na silba" saboda launinsa, yana da nauyin kusan giram 8 a kowane ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo, faɗi da kauri. Taitaniyom yana da kusan 4.5, wato ya fi shi sauƙi da kusan kashi 40 cikin 100, kuma kamfanin Citizen na Japan ne ya fara sayar da agogon taitaniyom a 1970. Zinare mai karat 18 ya kusa ninka ƙarfe marar tsatsa, sai dai a nan wannan matsalar mata ce, tunda shari'a ta hana maza ado da zinare. Akwai kuma Rado DiaStar, wanda ya fito a 1962 kuma ya samu karɓuwa sosai wurin alhazan Arewa. Murfin jikinsa na wani tauraren haɗin tongistin ne da ba ya karcewa, kuma wannan taurin da nauyi yake zuwa.

Na biyu injin. Agogon otomatik, irin Seiko 5 da aka fara yi a 1963, yana da wani faifan ƙarfe mai siffar rabin wata da ke juyawa da motsin hannu yana ba agogon ƙarfin aiki. Dole faifan ya yi nauyi kafin ya yi aikinsa, dole kuma jikin agogon ya yi kauri don ya samu wurin juyawa. Injin batir irin na quartz, wanda Seiko ta fara fitarwa kasuwa a 1969, bai buƙaci wannan ba. Sai kaurin gilashi da murfin baya na agogon da aka yi don shiga ruwa, sai kuma sarƙar, wadda sau da yawa takan ɗauki kusan rabin nauyin gaba ɗaya.

Mai saye a kasuwar Sabon Gari kan ɗora agogo a tafin hannu ya jinjina shi, in ya ji nauyi ya ce mai kyau ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin sarƙar da aka yanka daga dunƙulen ƙarfe ta fi wadda aka lanƙwasa daga falle nauyi da ƙarko. Amma masu yin jabu ma sun san da wannan al'ada, kuma ƙara wa agogo nauyi ya fi gyara injinsa araha nesa ba kusa ba.

Mazaunin agogo a hannu

A gefen tsintsiyar hannu, ta ɓangaren ƙaramin yatsa, akwai wani ƙashi da ya ɗan turo. Mazaunin agogo yana bayan wannan ƙashi, ta wajen gwiwar hannu, da tazarar kamar faɗin yatsa ɗaya. A nan hannu ba ya lanƙwasa, kuma akwai ɗan nama da zai tallafe shi. Idan agogo ya zame ya hau kan ƙashin ko ya gangara gabansa, duk motsin hannu sai ƙarfe ya gogi ƙashi.

Wannan ya fi fitowa fili lokacin da aka tanƙwara hannu baya. Mai sallah da ya dafa ƙasa zai yi sujada ko zai miƙe, da ɗan acaba da ya riƙe kan babur yini guda a hanyar Samaru zuwa Kwangila, duka suna tura bayan hannu ya haɗu da ɗan maɓallin saita lokaci da ke daidai ƙarfe uku. Daga nan ne baƙin tabon da ake gani a bayan hannun wasu yake samuwa. Saboda wannan ne Seiko ta mayar da maɓallin zuwa daidai ƙarfe huɗu a yawancin agogonta na nutso. Wanda nasa yake a ƙarfe uku yana iya matsar da agogon sama, ko ya koma ɗaurawa a hannun dama, inda maɓallin zai fuskanci damtse.

Kauri ma yana da nasa tasiri. Agogon da ya yi tudu yana ɗauke nauyinsa nesa da fata, don haka da an karkata hannu sai ya nemi kifewa gefe, kamar tulun da aka ɗora a ka ba gammo. Haka kuma yana maƙalewa a bakin hannun kaftani mai maɓalli, abin da tela zai iya magancewa da ƙara santimita ɗaya a hannun da ake ɗaura agogon. Abin da ba ya gyaruwa shi ne tsawo. Idan kunnuwan agogo huɗu, waɗanda sarƙa ke maƙale a jikinsu, suka zarce faɗin hannu suna reto a iska, wannan agogo ya fi ƙarfin hannun.

Rage sarƙa

Nan ne mafi yawan gyaran yake, kuma shi ne mafi araha. Masana'anta kan yi sarƙa da tsawon da zai isa hannu mafi kauri, da nufin mai saye ya rage. Mutane da yawa ba sa ragewa, wasu don suna son agogo ya riƙa lilo kamar munduwa, wasu don tsoron kada a ɓata musu sabon abu. Agogo mai lilo yana dukan ƙashi a kowane taku, kuma mai shi, ba tare da ya lura ba, yakan riƙa ɗaure tsokar hannu don ya tsayar da shi. Gajiyar da yake ji da yamma daga nan take.

Ma'aunin da masu gyara ke bi mai sauƙi ne. Bayan an kulle, ƙaramin yatsa ya iya shiga tsakanin makulli da fata da ɗan matsi, kuma idan aka saki hannu ƙasa agogon kada ya haye ƙashin. In an cire shi aka ga shatin sarƙa ya zauna a fata, ya matse da yawa.

Masu gyaran agogo, masu ɗan tebur da akwatin gilashi a kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada, kan gama aikin cikin 'yan mintuna. A cikin sarƙar, gaɓoɓin da ke kusa da makulli suna da 'yan kibiyoyi da ke nuna inda za a tura ƙusar ta fita. Wasu sarƙoƙin kuma da noti ake kwance su. Akwai irin da ke da wani ɗan siririn zobe da ke riƙe ƙusar, wanda in ya faɗi ƙasa ba a lura ba, ƙusar za ta zame wata rana agogon ya faɗi a titi. Wannan kaɗai ya isa dalilin kai wa mai sana'a maimakon a zauna da allura da guduma a gida.

Abin da ake yawan kuskurewa shi ne ta wane gefe za a cire. Mai agogo kan ce, "Malam, a rage mini biyu," sai a zare biyun daga gefe ɗaya a miƙo masa. Sakamakon haka makulli yakan karkace zuwa gefen hannu, ya riƙa jan kan agogon yana juya shi. Makulli shi ne abokin rinjayen kai: idan ya zauna a tsakiyar cikin hannu, daidai ƙarƙashin kan agogon, nauyin sama da na ƙasa sai su riƙe juna. Yawanci hakan na samuwa idan ɓangaren ƙarfe shida ya fi na ƙarfe goma sha biyu gajarta da gaɓa ɗaya. Mai gyaran da ya san aikinsa zai sa a gwada a hannu kafin ya mayar da ƙusa ta ƙarshe. Gaɓoɓin da aka cire kuwa a karɓe su a adana, domin jiki na canzawa, kuma samun irinsu daga baya wuya gare shi.

Idan gaɓa ɗaya ta yi yawa, cire ta kuma ya sa ya matse, sai a duba gefen makulli. Akwai 'yan ramuka uku ko huɗu a jere, kowanne na ƙara ko rage 'yan milimita. Da tsinken sakace ma ana iya matsar da 'yar sandar da ke riƙe sarƙa daga rami zuwa rami. Masu agogo da yawa sun shekara da shi ba su san amfanin waɗannan ramuka ba.

Sauya maɗauri

Cire sarƙar ƙarfe a sa fata, roba ko zaren nailan na rage nauyi sosai nan take. Sai dai an cire abokin rinjaye, don haka kai mai nauyi a kan siririn maɗauri yakan fi juyawa. Maganinsa shi ne maɗauri mai kauri da faɗi, wanda bai tsuke sosai ba wajen makulli. Faɗin ana auna shi ne tsakanin kunnuwa biyu, galibi milimita 18, 20 ko 22, kuma dole ya cika wurin ba rata.

Maɗaurin nailan da ake kira NATO, wanda ma'aikatar tsaron Birtaniya ta fitar wa sojojinta a 1973, yana ratsawa ta ƙarƙashin agogo. Yana wankuwa, yana bushewa da wuri, kuma ko ɗaya daga 'yan sandunan da ke tsakanin kunnuwa ta karye agogon ba zai faɗi ba. Aibinsa shi ne yana ƙara wa agogo tudu. Roba mai laushi ta fi kowanne riƙe kai mai nauyi saboda tana kama fata, musamman mai 'yan kwaruruka a ciki da iska ke bi. Maɗaurin fata ya fi dacewa da manyan kaya, kuma gari irin Zariya, mai dukawa tun kaka da kakanni da kuma cibiyar binciken fata ta ƙasa a Samaru, bai kamata a rasa wanda zai yanka maɗauri daidai hannun mutum ba. Akwai wani salo da ake kira Bund, mai faffaɗan matashin fata a ƙarƙashin agogo, wanda ke baza nauyin a wuri mai faɗi. Da hunturu yana da daɗi, da bazara kuwa ba ya ɗauruwa.

Bazara, hunturu da alwala

Hannu ba ya zama da kauri ɗaya duk shekara. A zafin Maris da Afrilu jijiyoyin jini na buɗewa, hannu ya ɗan kumbura, agogon da ya yi daidai a Janairu ya koma yana cizo. Da sanyin hunturu sai ya saki. Wanda ya rame a azumi ma zai ga nasa ya yi sako-sako, mai juna biyu kuma akasin haka. Matsar da rami ɗaya a makulli sau biyu a shekara ya wadatar ga yawancin mutane. Ya fi kyau a je rage sarƙa da rana tsaka, lokacin da hannu ya cika, a kan a je da sanyin safiya.

Alwala sau biyar a yini ita ma tana cikin lissafi. Tunda ana so ruwa ya game hannu har gwiwa, mutane kan cire agogo ko su motsa shi. Cirewar ta fi, domin tana ba fata hutu, kuma maɗaurin fata da ke jiƙa kullum yakan yi wari ya tsage cikin 'yan watanni. A bari hannu ya bushe kafin a mayar. Ƙurar hunturu kuma tana haɗuwa da gumi da man shafawa ta zama baƙin datti a tsakanin gaɓoɓi, ta sa sarƙa ta ƙage ta daina bin siffar hannu. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu na fitar da shi. Kan agogon dai kada a tsoma shi, domin rubutun mita 30 da ke bayan wasu fantsalin ruwa kawai yake nufi.

Fata da jijiya

Ƙaiƙayi da jan ƙuraje a daidai inda murfin baya ko makulli ke taɓawa na iya zama daga damshi, ko kuma daga sinadarin nikel da jikin wasu ba ya karɓa. Agogai masu araha da aka yi wa rufin launi sun fi jawo wannan idan rufin ya goge. Taitaniyom da tangaran ba su cika tayar da shi ba, maɗaurin da ke ratsawa ta ƙarƙashi kuma yana raba murfin da fata.

Ta gefen babban yatsa akwai wata jijiyar ji da ke bi dab da fata a kan ƙashi. Maɗauri mai matsi na iya danne ta, mutum ya ji bayan babban yatsa da manuni sun yi sanyi, ko suna tsira kamar ana soka allura. Likitan jijiya Robert Wartenberg ya yi bayanin wannan ciwo a 1932, kuma ana kiransa da sunansa. Yawanci yakan lafa idan aka ajiye agogon ko aka koma ɗaya hannun na 'yan makonni. Cire agogo lokacin barci na taimakawa, tunda mai barci kan danne hannu da kai ba ya sani. Idan mutuwar yatsun ta ci gaba bayan an daina ɗaurawa, ko ta zo da raunin riƙo, sai a je asibiti, domin ciwon suga da matsalar ƙashin wuya ma kan fara da irin wannan alama.