Waiwaye: Yadda ƙananan jirage marasa matuƙa suka koyi jure bugun iska

Jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu ba shi da fiffike. Da bambancin saurin farfelolin kaɗai yake tsayawa ko karkata, kuma da yake ba shi da wani nauyi, iska in ta buge shi kwatsam sai ta raba shi da hanyarsa.

Tsohuwar dabarar sarrafa shi, PID, ta girme shi nesa ba kusa ba. Tun 1922 Nicolas Minorsky ya yi bayaninta don tuƙin jiragen ruwa. Kuskure take aunawa ta gyara, wato sai iska ta riga ta ture jirgin kafin ta farga. In aka tsananta gyaran, jirgin ya kama makyarkyata, injina su yi zafi, batir ya ƙare da wuri. In aka sassauta, iska ta yi awon gaba da shi.

A 2016 masu bincike a jami'ar Delft ta ƙasar Holan suka nuna cewa za a iya jin turin kai tsaye daga na'urar auna fizga. Ya taimaka, sai dai girgizar injina tana gurɓata awon, tace shi kuma yana jawo jinkiri.

Masu bincike a jami'ar Caltech a Amurka kuwa sun bi hanyar koyon na'ura, wato kwamfuta ta koyi aiki daga bayanan da aka tara. A 2019 suka fitar da Neural Lander, tsarin sarrafa jirgi mai koyon iskar da ke dawowa daga ƙasa lokacin sauka. A 2022 sai Neural-Fly. Bayanan tashi na minti 12 kacal aka horar da shi da su, a yanayin iska shida, gaban bangon fankoki sama da 1,200. Hikimar ita ce raba aikin biyu: abin da kowace iska ke yi wa jirgi an koya shi tun a ƙasa, a sama kuma ƴan lambobi kaɗan ake sabuntawa, aikin da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 4 ke iya ɗauka. Ya riƙe hanyarsa cikin iskar kilomita 43.6 a awa, wadda ta fi duk abin da ya gani a horo.

Amma lissafi ba ya ƙara wa inji ƙarfi. In farfela ta kai maƙura, magana ta ƙare. Kuma abin da tsarin yake aunawa shi ne ragowar turin da ba a san dalilinsa ba, don haka tsagaggiyar farfela ko batir da ya raunana kan shige masa a matsayin iska.