Ciwon Ɓarin Kai Daban, Farfaɗiya Daban: Don Allah Ku Bar Bakin Mara Lafiya

Jama'a, har yanzu ana kawo mana mutane asibiti da karyayyen haƙori, ko dasashi yana jini, ko tari da zazzaɓi saboda abin da aka ɗura musu ya bi maƙogwaro ya sauka huhu. In an tambaya sai a ce ai faɗuwa ya yi, aka sa masa cokali kada ya haɗiye harshensa. Babu mai haɗiye harshensa, a ɗaure yake daga ƙasan baki. Abin da ya fi ciwo, wani lokacin ma ba farfaɗiya ba ce. Yarinya ce ciwon ɓarin kai ya kwantar, ta ce tana ganin walƙiya, hannunta ya mutu, maganarta ta sarƙe, sai a taru a danne ta ana ɗura mata man ja.

Agogo shi ne babban mai raba gardama. Ciwon ɓarin kai a hankali yake shigowa. Wasu sukan fara ganin haske mai karkace-karkace kamar haƙoran zarto, yana faɗaɗa sannu-sannu, ko su ji yatsu na tsikari, abin ya hau hannu har ya kai leɓe. Wannan yakan ɗauki minti 5 zuwa 60. Daga nan kai ya kama bugawa, galibi gefe ɗaya, da tashin zuciya ko amai, mutum ba ya son haske, ba ya son ko ƙarar turmi. Yakan yi awa 4, yakan kai awa 72. Ya fi kama mata. Amma duk tsananinsa, mutum yana cikin hayyacinsa: ki kira sunanta za ta amsa, gobe kuma za ta ba ki labarin komai.

Farfaɗiya kuwa farat ɗaya ce. In ma da alamar gargaɗi, daƙiƙoƙi ne kawai, kamar wani wari ko abu ya taso daga ciki. Sai jiki ya sandare, ya kama jijjiga, kumfa ta fito, wani ya ciji gefen harshe, wani ya saki fitsari. Mafi yawa ba ta wuce minti 2 zuwa 3. In ya farfaɗo ba ya tuna komai, a ruɗe yake, barci yake so. A nan ake rikicewa, domin bayan farfaɗiya kai kan yi ciwo sosai, sai a ce ai ciwon kan ne ya kayar da shi. Akwai kuma wadda ba ta kayarwa: yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, ko ya riƙa tauna baki, ka kira shi shiru.

Ko wacce ce daga ciki, baki dai a bar shi. Ba cokali, ba yatsa, ba tsumma, ba ruwa, ba mai, ba rubutu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, duk abin da kuka zuba huhu zai nufa. Na san tausayi ne ke sa ku, iyayenmu mata, ganin ɗanki a ƙasa ba abu ne mai sauƙi ba. Yi masa addu'a a gefensa, amma hannunki ya bar bakinsa. Sau nawa za mu faɗa?

In mutum ya faɗi yana jijjiga:

- Ku janye shi daga murhu, rijiya ko titi, ku sa zani a ƙarƙashin kansa.
- Kada a danne shi. Ku duba agogo.
- Jijjiga na tsayawa, ku juya shi kan haƙarƙarinsa, yawu ya zuba. Yawunsa ba ya sa wa kowa cutar.
- In da hali, wani ya ɗauki bidiyo da waya don likita.
- In jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, ko karon farko ne, ko mai ciki ce, ko yaro mai zazzaɓi: asibiti nan take.

Mai ciwon ɓarin kai, ɗaki mai duhu da shiru. Babba zai iya shan paracetamol 500mg guda 2 tun ciwon na farawa, da hannunsa, yana zaune. In kana shan maganin ciwon kai ya kai kwana 15 a wata, shi maganin ma na iya zama mai kawo ciwon, ka zo a duba ka. Tramadol kuma a kiyaye shi, shi da kansa yana tayar da jijjiga. Ciwon kan da ya sauko lokaci guda kamar an buga guduma, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko da shanyewar ɓarin jiki, ba na jira ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Likita ne zai zaɓa, wani lokaci bayan gwajin EEG na ƙwaƙwalwa. Kada a sayo a kemis don maƙwabci na sha, kada kuma a daina shi kwatsam don an ga sauƙi. Macen da ke shan maganin farfaɗiya mai suna sodium valproate ta sanar da likita tun kafin ta ɗauki ciki, domin yana iya illata jariri.